Gadaje Shida a Salinas

Ƙarfe biyar na asubar Asabar
motar Desmond ta ƙi tashi.
Mu huɗu muka tura ta har bakin titi,
gadaje shida masu naɗewa suna kuka a bayanta
kamar tsofaffi masu ciwon gwiwa.

Wai ni ce shugabar ƙungiya.
Shugabancin bai wuce littafin sunaye ba,
da gwangwanin biskit na kuɗin fetur:
dala talatin da ɗaya,
da wani maɓallin riga da ban san mai shi ba.

Kafin mu buɗe zauren cocin
layi ya kai shagon wanki.
Masu yankan latas, masu ɗaurin kabeji,
mutanen da rana ta fi sanin ƙeyarsu
fiye da fuskarsu.

Doña Eufemia ce ta fara hawa.
Shekara ashirin da shida a sunkuye.
Na ɗora tafina a gadon bayanta,
ina lalube, gaɓa bayan gaɓa,
kamar mai jan carbi cikin duhu.
Malama Okabayashi na tsaye a kaina,
ba ta ce uffan ba.
Shirun nan nata shi ne jarrabawar.
Na danna. Ƙas!
Tsohuwa ta tuntsire da dariya, ta yi magana,
Itzel ta fassara:
wai ƙofar da ta cije tun haihuwar autanta
yau ta buɗe.

Can kusurwa Wen-Li na jera allurai,
sirara kamar gashin gira.
Rigoberto, ƙaton da ke saɓa akwati biyu a kafaɗa ɗaya,
yana hango su ya fara neman hularsa.
Wen-Li ta tsira guda a bayan hannunta,
ta ci gaba da kurɓar shayi.
Kunya ta zaunar da shi.
Minti goma, sai ga munshari,
allura tara a bayansa, ya koma bushiya.

Da azahar Anselmo ya shigo yana jan ƙafa.
Ya ce ƙugu ne kawai, a ɗan taɓa masa.
Na tambaya, na sake tambaya.
Cinyoyinsa sun dushe kamar ba nasa ba.
Ya dubi ƙasa, ya rage murya:
tun Laraba fitsari ke kufce masa.

Hannuna ya riga ya tashi,
hannun da tun safe ake yabo.
Malama ta cafke shi a iska.
Ta ce, “Wannan ba namu ba ne.”

Asibiti, yanzu.
Ya ce ba shi da inshora.
Ya ce akwai aiki jibi,
kuma wanda bai fito ba an maye gurbinsa.
Akwai abin da bai faɗa ba,
duk mun ji shi.
Na durƙusa a kan siminti, na zana masa a bayan takarda
yadda jijiyoyi ke sauka daga ƙashin baya
kamar saiwar albasa,
da inda wani abu ya danne su.
Ya daɗe yana kallon zanen nan nawa marar kyau.
Ya ninke shi, ya sa a aljihu.

Motar Desmond, don ikon Allah,
murɗawa ɗaya ta tashi.

Mutum arba'in da uku muka gani.
Muka naɗe gadaje, muka ƙirga allurai, muka share zaure.
Wani ya ajiye mana buhun lemo a bakin ƙofa
bai bar suna ba.

Yanzu dare ya raba.
Nawa ƙugun ma yana min magana.
Litinin akwai jarrabawar jijiyoyi,
ban ko buɗe littafin ba.
Waya na kife a kan gwangwanin biskit,
ina ɓare lemo na uku,
ina jira ta yi haske.